Toron giwa shi kaɗai ko garken uwaye da 'ya'ya, wanne ne abin tsoro?

Ɗan'uwa da ka tambaya wai in kuna cikin mota a gandun daji wanne ya fi haɗari, haɗuwa da namijin giwa shi kaɗai ko garke guda, to gaskiya halinsu ba ɗaya bane sam.

Garken nan da kake gani duk mata ne da 'ya'yansu, tsohuwar cikinsu ce ke jan ragama, in ta tsaya kowa ya tsaya. Kuma ka tuna wata 22 giwa ke ɗauke da ciki kafin ta haifi ɗa guda, to ta yaya za ta yi wasa da shi? Da sun ji abin da basu yarda da shi ba zaka ga sun dunƙule wuri ɗaya sun sa ƙananan a tsakiya, manyan sun juyo suna fuskantarka kunnuwa a buɗe, wata ta ɗaga hanci sama tana shinshina iska. Saurin fushi ne da su amma dalilinsu a fili yake, kar mota ta shiga tsakanin uwa da ɗanta, kar a tare musu hanyar ruwa, shikenan. Direban da ya san aikinsa tsayawa yake daga nesa ya bari su gama tsallakawa, har da ɗan autan da kullum sai ya makara a baya.

Shi kuwa namiji tun yana shekara 12 zuwa 15 yake barin garke, kuma yawancin lokaci babban toro ba ruwansa da kowa, yana ta karya rassa yana ci ko kallo baku ishe shi ba duk da nauyinsa kan kai tan 6. Matsalar sai lokacin barbara ya taso masa, nan fa ya zama wani daban. Duba gefen fuskarsa tsakanin ido da kunne zaka ga wani ruwa mai maiƙo na gangarowa, fitsari na ɗiga har ƙafafun baya sun jiƙe sun yi duhu, ga wari, ga tafiyar isa kai a sama. Wannan baya buƙatar dalili wallahi, kuma yana iya ɗaukar makonni ko watanni a haka.

Samarin ma sun fi rashin kai. A gandun Pilanesberg na Afirka ta Kudu samarin giwaye marayu da suka tashi ba manya sun kashe karkanda fiye da 40 a shekarun 1990, sai da aka kawo manyan toraye 6 daga gandun Kruger a 1998 sannan abin ya lafa.

Barazanar dai kusan iri ɗaya ce wajen duka biyun, in giwa ta baza kunne tana kururuwa tana watsa ƙasa yawanci kora ce kawai, in ta lafe kunne ta sunkuyar da kai ta naɗe hanci ta taho shiru to da gaske take, amma fa kar ka dogara da wannan don korar kan rikiɗe nan take.

Ni dai in zaɓi aka bani gara garken sau goma, ko ba komai na san abin da suke karewa. Toron da fuskarsa ke tsiyaya kuwa direba ya sa ribas tun daga nesa kawai, hoton ma a haƙura.