Gargaɗi: masu cewa za su gano muku wayar da aka sace

Jama'a, a kula da wasu da suka yawaita a Facebook da zaurukan WhatsApp na Yamai, masu kiran kansu "masu bincike ta intanet". Da zarar mutum ya rubuta cewa an fisge masa waya a Katako ko a cikin taksi, sai saƙo ya shigo: "Turo IMEI da jika goma, cikin awa biyu za ka san inda take."

Ƙarya ce. IMEI lambobi 15 ne da ke fitowa idan ka danna *#06#, suna kuma jikin kwalin wayar. Kamfanin sadarwa ne kaɗai ke iya ganin layin da aka saka cikin wayar da eriyar da ta kama, kuma ba ya ba da wannan bayani sai da takardar hukuma. Mai zaune a ɗaki da kwamfuta ba shi da wannan hanya. Abin da zai turo maka hoton taswira ne da jan ɗigo a kan wata unguwa, Talladje ko Harobanda, sannan ya nemi ƙarin jika biyar "na man babur". Mafi muni, ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo sabon layinka. Lambar buɗe WhatsApp ɗinka ce. Yana samunta zai shiga roƙon danginka kuɗi da sunanka.

Masu taimako na gaskiya akwai su, amma aikinsu tara shaida ne: su buɗe manhajar gano waya, Find Hub (tsohon Find My Device) ko iCloud, da asusunka a gabanka, su ɗauki hoton tallan wayar idan ta ɓullo, da lambar mai tallan, ranar da lokacin. Ku kai wannan komisariya ko PJ (ofishin 'yan sandan bincike) tare da kwali da rasit, bayan kun sa an toshe layin.

Kada kuma a yaɗa hoton wani a ce shi ne ɓarawon. Sau da yawa wanda ke riƙe da wayar saye ya yi hannu na uku. A 2013, bayan harin Boston a Amurka, masu binciken sa-kai sun ɗora laifin a kan ɗalibin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Nan Nijar, dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna, ko turawa kawai ka yi.