Tudun marmara ko falalen dutse: wanne za a kai ƴan lakkol?

Malam, ka tambaya a rukuni wane irin tsauni ya kamata ka kai ɗalibanka su hau. Ƙasar Maradi shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da fadama, don haka tafiya ta kama ka. In ka bi kwalta yamma wajen Madawa da Galmi, za ka tarar da tuddan marmara na Adar masu shimfiɗaɗɗen kai. In ka yi gabas, akwai manyan duwatsun Damagaram da Mirya, wani bisa wani, amma wannan ya haura kilomita 200, da yara sai an kwana.

Falalen dutse in ya bushe yana riƙe takalmin roba sosai, hawansa ba wuya. Ruwa kaɗan ya taɓa shi kuwa, santsi ne zalla, kuma wanda ya zame a kan dutse zai faɗi. Yana shan rana: daga ƙarfe 11 ba ya dafuwa da tafin hannu. Tsagoginsa gidan zuma ne da kunama, yara kuma ba sa ganin rami su ƙyale.

Marmara matsalarta daban. Gangarenta cike yake da tsakuwa mai mirginawa ƙarƙashin ƙafa, shi ya sa an fi faɗuwa wajen saukowa. A sauko a kaikaice, gajeren taku, kada kowa ya yi gudu. Kada kuma a jera wani ƙarƙashin wani, don dutsen da na sama ya tunkuɗo na ƙasa zai samu. A bar taku biyar tsakani, a bi hanya a karkace. Dab da ƙololuwa akwai ɓawon marmara mai tauri da ke tsaye kamar katanga. Kada a hau shi kai tsaye, a nemi inda awaki ke bi, kashinsu ma zai nuna. A sama fili ne, aji guda ya zauna a wadace, sai dai bakin filin, ruwa ya rarake ƙarƙashinsa, yana iya ɓallewa da mutum.

Mu dai marmara muka fi ba ka shawara: wanda ya zame a nan galibi ƙujewa ce, ba karaya ba.

Lokaci kuwa, Nuwamba, bayan an kawar da amfanin gona, kafin hazon Disamba da Janairu ya rufe hangen nesa. Afrilu da Mayu kada ma a soma. Kowa lita 2 ta ruwa da takalmi rufaffe, don silifas na tsinkewa, ƙarangiya kuma ta bushe a lokacin. A fara hawa ƙarfe 7, a sauko kafin 10. Kafin a tashi a tambayi jandarma lafiyar hanya, in an isa a gaida maigari a roƙi ɗan rakiya, domin akwai tsaunukan da mutanen gari ba sa so baƙo ya hau.