Sati uku ina jinyar ƙanwata a cibiyar masu yoyon fitsari, ga abin da na gani

Na daɗe ina son rubuta wannan amma na ce bari in jira tukuna, kar in yi saurin yabo abu ya dawo. Yanzu ƙanwata ta cika wata shida da yi mata tiyata kuma har yau shimfiɗarta a bushe take kwana, shi ya sa na zauna. Ita ta ba ni izini, sunanta ne dai da sunan wurin ba zan faɗa ba, don akwai ƙorafi a ciki kuma ba na son in ɓata sunan mutanen da suka yi mana alheri.

Shekara huɗu ta yi da ciwon. Haihuwar fari ce, naƙuda kwana uku, kafin a kai ta asibiti ɗan ya riga ya rasu a ciki, aka ciro shi muna ta hamdala ita ta tsira, bayan kamar kwana biyar kawai sai fitsari ya fara zuba, ba wai matsuwa take ji ta kasa riƙewa ba, a'a ba ta ma sanin fitowarsa, dare da rana. Ƙafarta ta dama kuma ta koma jan ta take yi. Sai ta rage shan ruwa wai don ya ragu, ashe hakan ƙara masa ƙarfi da zarni yake, cinyoyinta duk suka saɓule. Biki ta daina zuwa, ko baƙi aka yi sai ta shige ɗaki. Maganar miji kuwa mu bar ta kawai.

Maƙwabciyarmu ce ta ji sanarwa a rediyo wai wata ƙungiyar agaji ta kawo likitoci za a yi aiki kyauta. Gaskiya ban yarda ba, na ɗauka irin kyautar nan ce da sai kin je a miƙo miki takardar magani mai tsawon hannu. To wallahi a nan kam na sha kunya. Kati, gwaje-gwaje, tiyata, magani, gado, ba a karɓi ko sisi ba, kuma ba wanda ya zagayo ta bayan fage yana neman na goro.

Ranar farko wata nas, dattijuwa, ta zaunar da mu ta zana mana abin a takarda, kuma bayanin nan nata shi ne abu mafi tsada da na samu a wurin. Ta ce idan naƙuda ta yi tsawo kan yaro ya tokare a ƙugu, yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da gaba a jikin ƙashi, jini ya daina zagayawa a wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓantare ya bar huji. Shi ya sa ba a ranar haihuwa yoyon ya fara ba. Wasu ma hujin ta wajen dubura yake, bayan gida ke biyowa. Ƙafar kuma jijiya ce ta danne. Ƙanwata ta ɗago ta ce, "Sista, kenan ba wani abu aka yi min ba?" Ta ce mata, "Ƙanwata ba wanda ya yi miki komai, ba kuma laifinki ba ne, daɗewa kika yi ba a ciro yaron ba." Nan ta fashe da kuka, ni ma ban san sanda na bi ta ba. Sai nas ɗin ta ƙara wata magana da har yau take ci min rai, wai da a makonnin farko aka sa mata robar fitsari aka bar ta, ƙaramin huji yakan iya haɗewa da kansa ba tare da an yi aiki ba. Ba wanda ya taɓa gaya mana.

Aikin kansa allurar baya aka yi mata, idonta biyu, ta gaba likita ya bi ba a yanka ciki ba. Wahalar tana bayan aikin ne. Roba sati biyu, da shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, nas na zagaye tana duba ko robar ta toshe don in ta toshe mafitsara ta cika ɗinkin na iya ɓallewa, ni kuma aikina ke nan zubar da bokiti da cewa sha, sha, har ta fara harara ta tana cewa "Yaya don Allah ki ƙyale ni, cikina zai fashe." Ranar cire roba aka zuba mata wani shuɗin ruwa a mafitsara a ga ko zai ɓullo, bai ɓullo ba. Daren nan ba ta yi barci ba, bini-bini sai ta shafa zanin gado.

Ɗakin nan ma magani ne. Mata wajen talatin duk ciwo ɗaya, ba mai toshe wa wata hanci, har tsokanar juna suke da robobinsu. Matar da ke gadon kusa da mu aikinta na uku ke nan, hujin ya rufe amma wuyan mafitsarar ya lalace, tana tari ko ta miƙe sai ya zubo. Na yaba wa likitan da bai yi mata alkawarin ƙarya ba, kuma daga bakinsa na ji cewa aikin farko shi ya fi dacewa, duk wanda ya biyo baya sai ya tarar da tabo, don haka kar a bar wanda bai ƙware ba ya taɓa.

To ga inda raina ya ɓaci. Na ɗaya, masu kawo ziyara. Za a ce mana gobe masu ba da tallafi za su zo, a share a gyara, su shigo da wayoyi suna ɗaukar mata hoto a kwance da roba a jiki ba ko sallama ta kirki balle neman izini. Na san da hotunan ake nemo kuɗin da aka yi wa ƙanwata aiki, ban musa ba, amma mace da ta yi shekaru tana ɓuya a ɗaki ai ko tambayarta a yi. Ni dai na ja mayafi na rufe tawa. Na biyu, bibiya. An ce wata shida ba kusantar namiji, ba ɗaukar kaya mai nauyi, haihuwa ta gaba dole a asibiti ta hanyar tiyata, kuma mu dawo a duba. Duk daidai, amma kuɗin mota fa? Mu mun iya, wasu da kuɗin aro suka zo na farkon ma. Lambar da aka ba mu in da matsala sau huɗu ina kira kafin a ɗaga. Kekunan ɗinki da aka yi ta maganar za a raba wa matan kuma mutum kaɗan suka samu.

Amma babban ƙorafina wayar da kai ne. Da muka dawo na shiga intanet na karanta, sai na ga ashe abin nan ba sabo ba ne. Dakta Kees Waaldijk ɗan Holan tun shekarun 1980 ya fara wannan aiki a Babbar Ruga a Katsina, wurin da yanzu cibiya ce ta ƙasa, akwai irinta a Ningi da Abakaliki, ga Likitocin Na Gari Na Kowa wato MSF suna yi a Jahun tun 2008. A Habasha asibitin masu yoyon fitsari da Dakta Catherine Hamlin da mijinta suka kafa a Adis Ababa tun 1974 yake. UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, ta ƙaddamar da gangamin kawar da yoyon fitsari a 2003, daga 2013 kuma kowace 23 ga Mayu ranar yaƙi da ciwon ce ta duniya. Duk wannan yana nan, mu muna ta shanya tsumma shekara huɗu. Kenan saƙon bai isa inda ya kamata ba. A cibiyar kullum ana yi wa matan lacca kan zuwa awo da gaggawar zuwa asibiti, alhali su sun riga sun ɗanɗana, kuma ranar naƙuda ba mai naƙuda ke yanke shawara ba, tana can tana murƙususu, miji ne da uwar miji da ungozoma ke cewa a ƙara haƙuri zuwa safe. Su ya kamata a tara. A sati ukun nan maza uku kacal na gani sun zo dubiya, kuma ko su ba wanda ya zaunar ya zana musu abin da aka zana mana.

In an tambaye ni ko a je, a je yau ma, a tafi da 'yar jinya mai haƙuri da zannuwa da yawa, kuma a nace a ga likitan da aikinsa ke nan. Ƙafar ƙanwata har yanzu da ɗan saura, tana motsa ta yadda aka koya mata. Jiya na tarar da ita tana ba maƙwabciyar nan lambar nas ɗin, wai akwai wata 'yar'uwar kishiyarta da ta haihu sati biyu da suka wuce kuma zaninta ba ya bushewa, tana ce mata "ku kai ta gobe gobe, kar ku jira, wataƙila roba kawai za a sa mata."