Fitilun fulorasan na tokumbo a wani shago kusa da Alaba: a duba takardar cok kafin a biya

Masu ɗinki da masu aikin surfani a Agege ba su rabu da dogon ƙwai na fulorasan ba har yanzu, duk da cewa fitilun LED sun cika kasuwa, domin haskensa yana bazuwa a kan teburin yanka gaba ɗaya, ba ya jefa inuwa mai kaifi a ƙarƙashin allura. Da yawa daga cikinmu Ojo muke nufa idan za mu saya, kuma a ɗaya daga cikin layukan da ke kusa da kasuwar Alaba akwai shagon wani dattijo Bahaushe da ya daɗe a Legas, wanda yake sayar da gidajen fitila na tokumbo da ake saukewa daga kwantenonin Amurka. Masu ƙwai biyu ne, tsawon ƙafa huɗu. A wurinsa na sayi na shagonmu, kuma na yi aiki da su har na san halinsu.

Gangar jikin ba ta da abin kushewa. Ƙarfe ne mai kauri, farin fentin cikinsa yana mayar da haske ƙasa yadda ya kamata, kuma soket ɗin suna riƙe ƙwai da kyau. Matsalar tana ƙarƙashin murfi, inda cok yake, wato ɗan akwatin da ke taƙaita wutar da ke shiga ƙwan.

Dogon ƙwai ba kamar ƙwan da muka saba da shi mai siririyar waya a ciki ba ne. Iskar gas ce a cikinsa da ɗan tururin makuri, wani ƙarfe mai ruwa-ruwa da guba, kuma idan wuta ta ratsa ta sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ce take mayar da shi hasken da muke amfana da shi. Da zarar ya kama, yana ƙara zafi yana ƙara jan wuta, ba shi da inda zai tsaya da kansa, kamar dokin da aka cire wa linzami. Aikin cok shi ne ya riƙe shi. Ƙwai mai wat 36 da ake sayarwa a kasuwanninmu kusan bolt 103 kawai yake buƙata bayan ya kama, saura daga cikin 230 ɗin da ke layinmu cok ne yake tare shi. Saboda haka kowane cok an ɗaure shi ne da irin wutar ƙasar da aka ƙera shi dominta. Tamu bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta gidajen Amurka kuwa bolt 120 ce mai juyawa sau 60.

A tsibin da ke ƙofar shagon iri uku ne a cakuɗe, a waje kamarsu ɗaya, kuɗinsu ma ɗaya, kuma wannan ne babban abin da nake kuka da shi game da wurin. Yaron shagon ya ce mini, "Oga, duk ɗaya ne, wuta ai wuta ce." Alhajin da kansa ne ya katse shi, ya miƙo mini sukurdireba ya ce, "Malam, kada fenti ya ruɗe ka, kwance murfin ka duba takardar da ke jikin cok." Mutum ne da ba ya ɓoye aibin kayansa idan an tambaye shi, amma ba kullum yake zaune ba, kuma wanda ya tarar da yaran kaɗai zai iya komawa gida da abin da zai ƙone masa a daren farko.

Iri na farko shi ne tsohon cok mai nauyi, na waya da ƙarfe, wanda aka rubuta wa 120V 60Hz. Idan aka haɗa shi kai tsaye da wutarmu, ƙarfen cikinsa ba zai iya ɗaukar kusan ninkin abin da aka auna masa ba, sai ya saki wuta ta wuce ba iyaka. Ƙwan yakan yi wani irin haske mai tsanani na ɗan lokaci, cok ɗin ya kama gurnani, baƙar kwaltar da aka cika shi da ita ta narke ta fara ɗiga da wari, sannan ya mutu, in an yi sa'a bai kama silin ba. Maganin da aka fi bayarwa a kasuwa shi ne a sa masa sitefdawun, kuma a nan ne na saɓa da masu shagon. Sitefdawun yana sauke bolt daga 230 zuwa 110 ko 120, amma ba ya taɓa yawan juyawar wuta. Cok mai waya ƙarfin tarewarsa yana bin juyawar nan ne, don haka wanda aka yi domin 60 idan ya samu 50 ya rasa kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa. Fitilar za ta kama, mai saye ya ga kamar komai lafiya, alhali cok yana ɗaukar zafin da ya wuce ƙa'ida duk dare, ƙwan kuma bakinsa biyu su yi baƙi tun lokacinsu bai yi ba. In aka haɗa da kuɗin sitefdawun ɗin, arhar ta riga ta tafi.

Iri na biyu cok ne mai fanel a ciki, marar nauyi, amma shi ma 120V kaɗai aka rubuta masa. Wannan bai damu da 50 ko 60 ba, sai dai kafasitar da ke bakin shigar wutarsa, wato ɗan abin da ke tara wuta, an zaɓe ta ne domin wutar da ƙololuwarta take kaiwa kusan bolt 170, tamu kuwa tana kaiwa 325. Ƙara ɗaya ake ji, sai hayaƙi.

Iri na uku shi ne dalilin da ya sa har yanzu nake tura mutane shagon. Cok ne mai fanel wanda takardarsa ta ce 120-277V, 50/60Hz. An yi shi haka ne saboda manyan gine-gine da ofisoshi a Amurka suna kunna fitilunsu da bolt 277, gidaje kuma da 120, sai masu ƙera shi suka yi wanda zai karɓi duk abin da ke tsakani. Wutarmu ta faɗa a tsakiyar wannan zango, kuma amfanin haka ya fi bayyana da magariba, lokacin da aka kawo rabin wuta. Fitilar da muka saba da ita mai cok da sitata, wato ɗan abin da ke tayar da ƙwai, tana buƙatar wuta ta kusa cika kafin sitatar ta yi aikinta, in ba haka ba sai ta yi ta ƙiftawa, bakin ƙwan ya yi ja, kuma kowane yunƙurin kamawa yana cinye maganin da ke kan wayoyin bakinsa. Na sha ganin mitar da ke jikin sitabilaizar shagonmu ta sauka ƙasa da 170, fanka tana juyawa da ƙyar, maƙwabta suna murɗa sitata da hannu ko fitila za ta tashi, namu kuwa suna ci kamar ba abin da ya faru. Haka suke a kan ƙaramin janareto ma. Wani abin da telan da ke kan keke zai yaba shi ne rashin rawar haske: cok mai nauyi yana sa ƙwai ya dusashe ya dawo sau 100 a daƙiƙa, abin da kan sa allurar da ke gudu ta zama kamar tana tsaye ko tana tafiya a hankali, shi kuwa mai fanel yana aiki a kan juyawa fiye da 20,000, ido ba ya kama komai.

Iri na ukun ma yana da sharuɗɗansa. Yawancinsu an yi su ne domin ƙwan Amurka mai lamba F32T8, wanda yake jan amfiya 0.265, namu mai wat 36 kuwa 0.43 aka auna masa. Tsawonsu da ƙafafunsu ɗaya ne, namu yana shiga ya kama, amma haskensa ba ya cika, don haka gara a sayi ƙwayayen da suka zo da gidajen a aje wasu. Sai kuma launin waya, wanda ya kamata a gaya wa duk mai wayarin da zai ɗaura su: a tsarin Amurka baƙar waya ce mai wuta, fara ce nutural, alhali a tsofaffin gidajenmu ja ce mai wuta, baƙa ce nutural. Kuma zangon 277 ba zai ceci kowa ba ranar da nutural ta tsinke a kan turke, domin a lokacin wutar da ke shigowa gida tana iya kusantar 400.

Shagon yana gwada kaya a gaban mai saye idan ya nema, kuma Alhajin yana canza wanda bai yi ba in an dawo da shi da wuri. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda ake zubar da fasassun ƙwayaye a bayan shagon inda yara ke wucewa, alhali da makuri a cikinsu. Saboda makurin nan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin dogayen ƙwayayen fulorasan masu lamba T5 da T8 kasuwarta tun Agustan 2023, kuma ƙasashen yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da makuri, waɗanda Nijeriya na cikinsu, suka amince a daina ƙera dogayen ƙwayayen haskaka ɗaki zuwa ƙarshen 2027. Wanda ya sayi gidajen nan yau wata rana zai mayar da su na LED, kuma shagon yana yin wannan aikin. Sai dai a tabbata an duba soket tukuna, domin a gidajen Amurka masu kamawa nan take ƙafafun soket biyu a haɗe suke ta ciki, kuma idan aka kawo mai wuta da nutural gefe ɗaya, yadda wasu dogayen LED suke buƙata, wayoyin biyu ne za su gamu kai tsaye. Na ga Alhajin yana gwada kowane soket da mita kafin ya bar yaro ya yanke wayar cok.