Ƙaramin injin iska mai wat 400: kafin ka kafa shi a gidanka na Kano

Masu sayar da kayan sola a Sabon Gari kan haɗa da ƙaramin injin iskan nan mai fuka-fukai uku ko biyar, su ce shi zai riƙa cika batir da dare idan farantin sola ya huta. A cikin kwalin akwai kan injin, fuka-fukan da faɗinsu bai wuce mita ɗaya da rabi ba, jela mai juya shi ya fuskanci iska, sai kwantirola, wato na'urar daidaita cajin batir, na bolt 12 ko 24. Haɗa shi ba wuya. Turke kam kai za ka nema.

Wat 400 ɗin da ke jikin kwali sai iska ta kai kimanin mita 12 a sakan ake ganinsa. Idan gudunta ya ragu da rabi, wutar takan faɗo zuwa kashi ɗaya cikin takwas: a mita 6 wat 50 ke nan, a mita 3 kuwa ko wat 10 ba za ka samu ba. A cunkoson gidaje irin na Fagge ko Kurna, iska tana karo da bene da tankin ruwa tana dawowa a hargitse, sai ka ga injin yana ta waige-waige, jela na kaɗawa, batir bai san ana yi ba. Ƙa'idar masu aikin ita ce ya ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin mita 150 da aƙalla mita 9. Gidaje nawa ne a cikin birni za su iya wannan?

Abin da ya fi damunmu ba a rubuta shi a takardar kwalin ba. Lokacin da iska ta yi laushi, daga magariba zuwa bayan isha'i, shi ne lokacin da ƙananan jemagu ke fitowa kamun sauro da ƙwari, manyan kuma suna nufar mangwaro da darbejiya. Bakin fiffiken injin yana gudu kamar ninki shida na iskar, wato a iskar mita 5 ya haura kilomita 100 a awa. Jemagen da ya gifta karyewar fiffike ne ko mutuwa nan take, a kan wutar da ba ta kai ta kunna fanka ba. Wannan asara ce, domin su ne ke rage mana ƙwari, su ne kuma ke yaɗa irin itatuwa. A manyan tashoshin iska na Amurka an gwada hana injina juyawa sai iska ta kai mita 5 zuwa 6.5, mutuwar jemagu ta ragu da kusan rabi ko fiye, wutar da aka rasa kuma kaɗan ce.

Ana iya yin haka a gida. Wayoyi uku ne ke saukowa daga kan injin. A sa makunni tsakanin injin da kwantirola wanda zai haɗe su ukun wuri guda, sai fuka-fukan su yi nauyi su kusan tsayawa. A danna shi da kiran sallar magariba a daren da iska ba ƙarfi, a sake shi da asuba. Kada a taɓa haɗe wayoyin ɓangaren batir, gobara ke nan. Kada kuma a cire batir a bar injin yana juyawa ba inda wutarsa za ta shiga, zai yi gudun da zai iya tsinke fiffike, musamman a hadarin farkon damina.

Ga tsuntsaye, mai kiwon tattabaru ya nisanta injin daga ɗakinsu, don garke yakan kewaya rufin gida ne daidai tsayin fuka-fukan. Wayoyin da ke ɗaure turke su ma tarko ne ga kurciya da shirwa. A zura musu guntayen tiyo mai launi kowace mita ɗaya. A tsibirin Smola na ƙasar Nowe an shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Manyan injina ne aka gwada a can, amma fenti ba tsada. A shafa siriri kawai, in ya yi kauri nauyin fuka-fukan zai bambanta, injin ya kama rawa ya cinye boris. Ƙurar hunturu ma tana cin boris ɗin, a duba shi duk ƙarshen hunturu. Kada a rataya fitila a turken, tana tara ƙwari, ƙwari kuma su jawo jemagu.

Mai gona ko gidan kaji a fili wajen Bichi ko Dawakin Tofa, wanda zai iya kafa dogon turke da nisan aƙalla mita 20 daga bishiyoyi, zai ci moriyarsa da hunturu. Mai gida a cikin birni ya ƙara farantin sola da batir da kuɗin.