Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: ka yanke shawara kafin ka biya kuɗi a Adum

Ɗalibin da ya fara karatun kwamfuta a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ko matashin Aboabo mai koyon tsaron intanet, ba zai daɗe ba sai ya buƙaci Linux, ga shi kuwa kwamfutarsa da Windows ta zo. Hanya biyu ce. Ko a raba faifan ajiya gida biyu, in ka kunna kwamfutar wata 'yar manhaja mai suna GRUB ta tambaye ka wanda za ka shiga, ko kuma ka girka VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta cikin kwamfuta, a cikin Windows, Linux ta riƙa aiki a taga guda kamar kowace manhaja. Yawan RAM ɗin da ka saya, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, shi zai zaɓa maka, shi ya sa nake cewa tun a shago ake gama maganar.

Kwamfuta cikin kwamfuta aron ƙarfi take yi. Windows 11 kaɗai tana neman aƙalla RAM giga 4, Ubuntu 24.04 ma haka. To in giga 8 gare ka ka raba musu, kana buɗe Chrome za ka ji fanka na kuka, linzami na jan ƙafa. Da giga 16 kuwa babu wannan damuwa, kuma hanyar VirtualBox ɗin nake zaɓa wa mai koyo. Kafin ka gwada wani umarni mai haɗari sai ka adana hoton yanayin tsarin. In ya lalace, ka koma inda kake, takardun makarantarka ba abin da ya taɓa su. VirtualBox kyauta ce, VMware Workstation Pro mai irin aikinta ma ta zama kyauta a 2024.

Raba faifai na mai ƙaramin RAM ne, da wanda aikinsa ke neman cikakken ƙarfin katin hoto. Linux za ta samu na'urar gaba ɗaya. Amma a nan ne ake asara. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifai a kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, don haka ka rubuta lambar ceto ta buɗe shi, mai lambobi 48, a takarda kafin ka taɓa komai. Ka kashe Fast Startup, saitin saurin kunnuwa na Windows, ka kwafe fayilolinka a wani wuri, kuma don Allah kada ka fara yanka faifai ba cikakken caji a batiri. Dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ba ya sallama. Faifan giga 256 ya yi wa biyun kaɗan, nemi 512. Wata sa'a da muka yi: rikicin agogo da ake samu a wasu ƙasashe tsakanin tsarin biyu bai shafe mu ba, domin lokacin Gana daidai yake da UTC, ma'aunin lokaci na duniya.

A shago ka ce wa mai kaya: "Maigida, a buɗe mini Task Manager in gani." Duba RAM, duba ko an nuna Virtualization, saitin da kwamfuta cikin kwamfuta ke buƙata, a kunne. Tambaye shi ko ana iya ƙara RAM, don wasu siraran kwamfutoci a manne yake da babban allon cikin na'urar, ba ya ciruwa. Mai sha'awar MacBook mai guntun M1 ko waɗanda suka biyo bayansa kuma ya sani babu Boot Camp, manhajar Apple ta girka Windows a gefe, a cikinsa.

In layin umarni kawai kake buƙata don rubuta manhaja, WSL 2, da ke ba ka Linux a cikin Windows kai tsaye, ya ishe ka, ba sai ka yanka faifai ba.