NCE ko digirin koyarwa? Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan ƙanwarsa

Malam, ka ce ƙanwarka ta gama sakandare, malanta take so, amma kan gida ya rabu: wasu na cewa ta shiga kwalejin ilimi ta yi NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, wasu na cewa ta jira jami'a ta yi digirin koyarwa kai tsaye. Kana so ka san wanne ya fi shirya mutum ya tsaya gaban allo. Ni duka biyun na yi, NCE da farko, digiri daga baya, kuma har yau alli nake riƙewa.

Abin da ke kan takarda ba shi da yawa. NCE shekara 3 ce, hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, da aka kafa a 1989 ke tsara manhajarta, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa don koyarwa a Najeriya. Digiri shekara 4 ne, ƙarƙashin NUC, hukumar kula da jami'o'i. A aikin gwamnati mai NCE kan fara daga matakin albashi na 7, mai digiri daga na 8, kuma mai digiri ne ke zuwa bautar ƙasa. Dukkansu sai sun yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Shiga kwaleji ta fi sauƙi: a 2024 JAMB ta sa maki 100 ga kwalejoji, 140 ga jami'o'i. Daga nan rainin ya samo asali, har ake cewa kwaleji matattarar waɗanda jami'a ta ƙi ce. Maganar tana da zafi, amma ba ita ke nuna wanda zai iya aji ba.

A kwaleji, komai aji ya dosa. A shekara ta biyu ake sa ka koyar da 'yan ajinku na 'yan mintuna, su zama kamar ɗalibanka, malami na gefe da biro. Ranar da na yi nawa, na rubuce rabin allo ina magana da bango. Da na juyo, malamarmu ta ce, “Wa kake koya wa, mu ko allon?” Aka kwashe da dariya. Ta sa na maimaita sau uku, sai da na iya rubutu ina tsaye a karkace, ido ɗaya na kan yara. A nan ake koyon rubuta tsarin darasi, da haɗa kayan koyarwa da kwali da murafen kwalba, da yadda ake jefa tambaya kafin a kira sunan wanda zai amsa, don kowa ya yi tunani. A shekara ta uku kuma sai TP, wato koyarwar gwaji, zango guda cur a makaranta. Ni aji uku na firamare aka ba ni, yara sun haura 90, rabinsu a ƙasa. Sati biyun farko muryata ta dishe. Kafin zangon ya ƙare na gane cewa in ka rage murya ka tafa sau uku, sun fi yin shiru a kan in ka yi ihu.

Jami'a wata tafiya ce daban. In Kimiyyar Sinadarai za ta koyar, to tare da masu karanta fannin zalla za ta ɗauki yawancin kwasakwasanta, ta shiga ɗakin gwaji da su, ta sha irin wahalarsu. Ilimin fanni yana zurfi sosai. Amma kwasakwasan koyarwar kansu, irin su falsafar ilimi da halayyar ɗan Adam da auna fahimta, sau da yawa a babban ɗakin lacca ake yin su, ɗaruruwan mutane, a kwafa a haddace a zuba a jarabawa. TP ɗinmu sati shida-shida ne, sau biyu. Kafin ka riƙe sunayen yara, lokaci ya ƙare.

Kada kuma in yi wa kwaleji kwalliya. Fanni biyu ake haɗa maka a shekara 3, kamar Hausa da Turanci ko Lissafi da Fiziks, don haka kowanne sama-sama ne. Ya isa firamare da ƙaramar sakandare, wanda dama don su aka tsara NCE. A kai ka aji shida na sakandare, yaro mai kaifin kai zai ƙure ka. Ni ya faru da ni, shi ya kora ni jami'a. Akwai kuma gibin da duka biyun suka bari: da Turanci ake koya maka koyarwa, alhali yaran da za ka tarar Hausa suke ji. Ba wanda ya taɓa nuna mini yadda zan bayyana kashi ɗaya bisa huɗu da Hausa. A wurin wata tsohuwar malama mai Grade II, shaidar malanta ta da, na koya, da ƙuli-ƙuli.

To Malam, ka zaunar da ita ka tambaye ta yaran da take hango kanta a gabansu. In ƙanana ne, ta shiga kwaleji ta ɗauki PES, wato fannin koyar da firamare, ba tare da jin kunyar kowa ba. In babbar sakandare ce, kuma makinta ya kai, ta wuce jami'a. Hanyar da na bi, NCE sannan DE, wato shiga kai tsaye zuwa aji biyu na jami'a, ita ta fi gasa malami, sai dai shekara 6 ce maimakon 4. Ga 'ya mace da ake iya tsayar wa da maganar aure a tsakiya, NCE na da wata riba: bayan shekara 3 tana da takardar aiki a hannu, kuma cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna da shirye-shiryen karatu a lokacin hutu na jami'o'i na nan in za ta ci gaba.

Kafin ku cike fom, ku leƙa kwalejin da kuke so. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu, don haka ku tambaya ko sun fara a fannin da take so, sannan ku tambayi 'yan shekarar ƙarshe sau nawa aka zo duba su a TP.